MARIGAYI KYAFTIN CHARI MAIGUMERI: SAMANJAN DA YA YI YAƘIN DUNIYA BIYU

Duk wanda ya san Lakwaja ya san barikin soja da ake kira Barikin Chari Maigumeri, amma ba kowa ya san tarihin mai wannan suna ba. Marigayi Chari Maigumeri mutumin ƙasar Barno ne, ya kuma sa kakin soja a ƙarƙashin tutar Jamus, daga baya a ƙarƙashin tutar Ingila, ya yi yaƙi a Afirka da Asiya.

Tun yana saurayi ya shiga aikin soja a Kamaru, lokacin tana hannun Jamusawa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914, ya yi yaƙi a gefen Jamus, har suka ba shi lambarsu ta jaruntaka mai siffar gicciyen ƙarfe. Cikin 1915, shekarar da sojojin Ingila da na Faransa suka ci Garwa, aka kama shi fursunan yaƙi. Cikin 1917 sai ya shiga rundunar sojan Nijeriya, aka kai shi Afirka ta Gabas inda ya yaƙi iyayen gidansa na dā.

Rundunar da ya shiga wani reshe ce na babbar rundunar Afirka ta Yamma wadda Lugga ya kafa cikin 1897. Yawancin sojojinta daga Arewa suka fito, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Kayan faretinsu abin kallo ne: jar dara, da jar falmaran mai adon rawaya a bakinta, da jar ɗamara, da gajeren wandon kaki, da naɗin ƙafa har gwiwa. Tambarinsu itacen kwakwar manja ne. Amma duk da wannan ado, shekaru da dama ba takalmi sojan Afirka yake yin fareti, alhali kuwa Turawan da ke tare da shi suna sanye da nasu.

Chari ya bi matakan aikin daga kurtu har ya zama babban samanja na Bataliya ta 3. A wancan zamani nan ne tsanin baƙar fata ya ƙare, gama hafsoshi duk Turawa ne. Samanja shi ne tsani tsakanin hafsa da sauran soja. Shi ke horo, shi ke ladabtarwa, shi ne kuma ke kai kukan na ƙasa ga na sama.

Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu, an ɗebi Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 zuwa Kenya cikin 1940 don yaƙar Italiya. A watan Fabrairu na 1941 sojojin Nijeriya suka shiga Mogadishu, daga nan suka nausa arewa zuwa Harar a ƙasar Habasha, tafiyar wajen mil 1,000 cikin kimanin wata guda. A wannan yaƙi ne Chari ya sami lambar jaruntaka ta M.M.

Bayan Habasha sai Bama. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi zuwa Indiya cikin 1943, ta 82 ta bi ta cikin 1944, suka kuma gwabza da Japanawa a yankin Arakan. A can jar dara ba ta da amfani, don a cikin kurmi jan tufafi kiran harsashi ne. Sai aka koma ga koren kaki da malafa da takalmi. Alamar Runduna ta 81 baƙin gizo ne, ta 82 kuwa masu biyu ne da aka gitta a kan gammo. Gammon nan ba ado ba ne kawai: inda mota ba ta iya shiga, a ka dubban 'yan Afirka suka riƙa ɗaukar harsasai da abinci, ga ruwan sama, ga zazzaɓi, ga duwatsu. Chari, wanda a lokacin ya riga ya manyanta, yana cikin waɗanda suka je, aka kuma ambaci sunansa cikin rahoton yabo na yaƙi. Ya kuma sami lambar B.E.M. saboda daɗewa da riƙon amana a aiki.

Cikin 1953 yana cikin sojojin da suka wakilci Nijeriya a bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a Landan. A wannan shekara ya yi ritaya bayan shekara 36 yana aiki, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Watau abin da bai samu ba a fagen fama, sai ranar ajiye kaki ya same shi, a daidai lokacin da aka fara buɗe wa samarin Nijeriya ƙofar zama hafsoshi.

Rundunar da Nijeriya ta gada cikin 1960 ba hafsoshin Turawa kaɗai suka gina ta ba. Irin su Chari Maigumeri, da dubban mazan jiya da suka bar gonakinsu a ƙauyukan Kano da Katsina da Barno, su ne ginshiƙinta. Allah ya jiƙansu, amin.