Tauraronmu na Wannan Mako: Duro Ladipo, Malamin Makarantar da Ya Kai Gangar Garinsu Turai

Wannan makon mun zaɓo muku tarihin wani mutum da ya taɓa riƙe alli a nan Kaduna kafin duniya ta san sunansa. Shi ne Duro Ladipo, marubucin wasan kwaikwayo, mai tsara shi, kuma mai fitowa a cikinsa.

An haife shi a garin Osogbo, wanda yanzu shi ne babban birnin Jihar Osun, a zamanin mulkin Turawa. Mahaifinsa ma'aikacin cocin Angilikan ne. Kafin a haife shi iyayensa sun binne 'ya'ya da dama tun suna jarirai, shi ya sa suka raɗa masa suna Duro, wato tsaya a harshen Yarbanci. Mu ma a ƙasar Hausa mun san irin wannan, domin ɗan wabi akan kira shi Ajuji da fatan ya rayu. Yaron ya rayu, ya taso tsakanin waƙoƙin coci a gida da kiɗan bukukuwan gargajiya a titi, kuma duka biyun sun shiga kunnensa.

Da ya yi karatu sai ya kama aikin koyarwa. A shekarun 1950 ya zo Kaduna ya koyar a makarantar wata coci. Layin dogon da ya taso daga Legas ta Osogbo yake bi, ya ƙetare Jebba da Minna, ya iso tashar Kaduna Junction da ke wannan ɓangare namu na kogi, kuma ya kawo ma'aikata da malamai da yawa daga kudu a wancan lokaci. A makarantar ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, har suka shirya wani wasan Shakespeare mai suna As You Like It yadda ya dace da masu kallonsu. Ke nan ya gwada hannunsa a ƙungiya irin wadda muke da ita a makarantarmu, da 'yan kayan aiki kaɗan.

Bayan ya koma Osogbo, a farkon shekarun 1960 ya shirya waƙoƙin bikin Ista ya sa gangunan Yarabawa a cikin coci. Manyan cocin ba su ji daɗi ba, domin a ganinsu waɗannan ganguna na bautar gargajiya ne. Da ƙofar coci ta rufe masa, sai ya nemi wani fili.

A nan ne abota ta yi masa rana. Akwai wani Bajamushe, Ulli Beier, da ya zo Najeriya a 1950 yana aiki da Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A 1961 shi da marubuta irin su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele ɗan Afirka ta Kudu suka buɗe wata ƙungiya a Ibadan mai suna Mbari, inda marubuta da masu zane da 'yan wasa daga ƙasashe dabam-dabam ke haɗuwa. Ladipo ya ga abin ya burge shi, ya so a yi irinsa a garinsu. A watan Maris na 1962 aka buɗe Mbari Mbayo a harabar gidansu a Osogbo, da wasansa Oba Moro.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1963, ya fito da wasan da ya ɗaukaka shi, Oba Koso. Labarin Sango ne, Alafin na Oyo, wanda ya ji tsoron ƙarfin jarumansa biyu, Timi da Gbonka, ya haɗa su faɗa don ɗaya ya kawar masa da ɗaya. Dabarar ta juye masa. Gbonka ya yi nasara ya ƙalubalanci sarki, jama'a suka watse suka bar shi, har ya rataye kansa. Mabiyansa suka ce bai rataye kansa ba, ya hau sama ya zama tsawa, kuma ma'anar sunan wasan ke nan. Ladipo da kansa ya riƙa fitowa a matsayin Sango, matarsa Abiodun kuma a matsayin Oya, matar sarkin. A al'adar Yarabawa kogin Kwara na Oya ne, mahaifiyar Sango kuwa Banufiya ce. Kogin Kaduna da muke ƙetarawa in za mu cikin gari can ƙasar Nupe yake zubawa cikin Kwara, don haka labarin bai yi mana nisa ba.

Ladipo bai yi aikin da ka ba. Ya karanta littafin tarihin Yarabawa na Samuel Johnson, ya zauna da tsofaffin makaɗan fada da masu kirari yana koyon kiɗan bata da dundun. Abokansa kuma kowa ya kawo abin da ya iya. Beier ya fassara wasannin zuwa Turanci ya sa aka buga su, ya kuma haɗa shi da masu shirya bukukuwa a ƙasashen waje. Georgina Beier, Baturiyar Ingila da ta zauna a Zariya kafin ta koma Osogbo, ta zana labulen dandali, ta kuma koyar da zane. Daga cikin 'yan ƙungiyar aka samu masu zane da suka yi suna, kamar Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh, wanda shi ne mai kula da fitilun wasa.

A 1964 aka gayyace su bikin fasaha na birnin Berlin a Jamus. A 1965 suka je Birtaniya bikin fasahar ƙasashen Kwamanwal. A 1973 sun yi wasa a bikin Nancy a Faransa da na Shiraz a Iran, daga baya suka je Brazil da Amurka. A Brazil sun tarar da jikokin bayin da aka kwashe daga ƙasar Yarabawa, waɗanda har yanzu sun san sunan Sango. A duk waɗannan wurare da Yarbanci aka yi wasan. Masu kallo ba su jin harshen, amma ganga da rawa da fushin sarki sun isar musu da saƙon.

Musayar ba hanya ɗaya ta bi ba. Ƙungiyarsa ta ɗauko wani tsohon wasan Turai game da attajirin da mutuwa ta zo ɗauka, ta mayar da shi na Yarabawa da sunan Eda. Wasansa Oba Waja na 1964 kuma ya ɗauko abin da ya faru a Oyo a shekarun 1940, lokacin da jami'in Turawa ya hana wani bafade bin sarkinsa lahira bisa al'ada. Wannan labari ne Soyinka ya sake rubutawa a Death and the King's Horseman, wanda masu karatun adabi a cikinmu suka sani.

Taimakon waje yana da nasa ƙaya. Wani ɓangare na kuɗin Mbari daga wata ƙungiya mai ofis a Paris ya fito, kuma a 1966 zuwa 1967 jaridu suka bankaɗo cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ke ba ta kuɗi a ɓoye. A daidai lokacin kuma Beier da matarsa suka bar Najeriya. Ƙungiyar Ladipo ba ta mutu ba, domin tana da masu kallo a gida. Ta ci gaba da yawo gari-gari, ta yi shirin talabijin mai suna Bode Wasimi, shi kuma ya yi aiki da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan. Ya rasu ranar 11 ga Maris, 1978.

Abin da muka ɗauka a tarihinsa shi ne, abokai suna buɗe ƙofa, amma sai kana da abin da za ka shiga da shi. A ajinmu akwai Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Bayerabe da Ibo, kowa da tatsuniyar kakarsa da kiɗan garinsu. Muna roƙon ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta zaɓi labari ɗaya daga ciki a wannan zango. Muna kuma roƙon Shugaban Makaranta ya ba da izinin a gayyato wata makaranta daga ƙetaren gada mu shirya shi tare, mu nuna a nan, sannan mu je mu nuna a can.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta