Fernand Widal: Likitan da sunansa ke yawo a takardun gwajin Fagge da Sabon Gari

Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kai shi ɗakin gwajin jini a Fagge ko Sabon Gari ya san takardar da ake miƙo masa: a sama sakamakon maleriya, a ƙasa kuma kalma guda, Widal. Da yawa sun ɗauka sunan na'ura ne, alhali sunan wani likita ne Bafaranshe, wanda ya bar duniya kusan shekara ɗari ke nan.

An haifi Georges-Fernand Widal a ranar 9 ga Maris, 1862, a garin Dellys na gaɓar tekun Aljeriya, lokacin da ƙasar ke hannun Faransa. Mahaifinsa likitan soja ne, shi ma ɗan ya bi sahunsa, ya yi karatun likitanci a Paris. A zamanin nan taifot na yi wa birane da barikokin Turai ɓarna, ga shi da wuyar bambancewa da sauran zazzaɓi. Sai a 1880 Karl Eberth ya gano ƙwayar bakteriyar da ke haddasa shi. A 1888, Widal da abokin aikinsa André Chantemesse suka nuna cewa allurar matattun ƙwayoyin taifot na kare dabbobin gwaji daga cutar.

Shekarar 1896 ce ta ɗaga sunansa. A birnin Vienna, Max von Gruber da Herbert Durham sun lura cewa ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana sa ƙwayoyin cuta su dunƙule wuri guda. Widal ya juya wannan ilimi ya fuskanci gadon asibiti: ya ɗebi ruwan jinin majinyaci ya haɗa da ƙwayoyin taifot. Idan suka dunƙule, alama ce jiki ya ƙera sinadaran garkuwa domin yaƙar su. A watan Yunin shekarar ya gabatar da sakamakon ga ƙungiyar likitocin asibitocin Paris.

Wannan dabara ta haɗa ƙwayar cuta da garkuwar da ta san ta ba a kan ɗan Adam kaɗai ta tsaya ba. Da ita likitocin dabbobi ke tantance bakteriya irin su Aeromonas da Vibrio, masu kashe kifi a kandamin kiwo. Jatan lande ba ya ƙera irin waɗannan sinadarai, don haka ake samar da su a jikin zomo, sannan a farauto ƙwayar cutar da su. Mai kiwon tarwada da ya wayi gari kifinsa na mutuwa, irin wannan bincike yake bukata kafin ya zuba magani a ruwa.

Widal ya kuma taɓa fannin ƙoda. A 1903, shi da Adolphe Javal suka nuna cewa gishiri ne ke tara ruwa a jikin mai ciwon ƙoda har ya kumbura, abin da ya sa ake rage wa irin waɗannan majinyata gishiri. Ya jima yana aiki a asibitin Cochin, ya shiga Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a 1919, ya rasu a Paris ranar 14 ga Janairu, 1929.

Sai dai gwajin nasa yana da iyaka. Ba ƙwayar cutar yake gani ba, sawun da ta bari a jini yake gani. Sawun ba ya fitowa sosai sai ciwo ya kai kamar mako guda, kuma yana daɗewa bayan an warke. A gari irin Kano, inda mutane da dama suka taɓa haɗuwa da ƙwayar, gwaji ɗaya na iya cewa taifot alhali maleriya ce. Ƙa'ida ita ce a gwada sau biyu, da tazarar kwana 10 zuwa 14, a ga ko adadin ya ƙaru. Hanya mafi inganci kuwa ita ce renon ƙwayar daga jinin majinyaci. In aka tsallake wannan, sai a yi ta shan maganin kashe bakteriya ba bisa bukata ba, ƙwayoyin su koyi bijirewa. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka ga taifot mai ƙin jin yawancin magungunan da aka saba da su.

Taifot ta gurɓataccen ruwa da abinci yake shiga jiki. Paris ba da gwajin Widal ta rabu da shi ba, sai da tsabtataccen ruwan sha, da magudanan ƙazanta, da rigakafi. Matashin Fagge da ke sayen ruwa a hannun mai garuwa, yana kuma kallon abin da ke kwarara cikin Jakara, yana da tambayoyi biyu da zai ajiye wa mai neman ƙuri'arsa: yaushe famfo zai kawo ruwa, kuma wane asibitin gwamnati ne zai yi wa talaka renon jini a kan kuɗin da zai iya biya?