D. L. MOODY: MAI BISHARA DA YA RIƘE ƘAUNA DA HUKUNCI TARE

A cikin masu wa'azi akwai waɗanda ba su da magana sai ta wuta da fushin Allah, har mai sauraro ya koma gida yana rawar jiki ba tare da ya san ƙofar ceto ba. Akwai kuma waɗanda ba su da magana sai ta ƙauna, har mai zunubi ya ɗauka babu ranar shari'a. Tarihin Dwight Lyman Moody, shahararren mai bishara na ƙasar Amurka, yana nuna mana mutumin da Allah ya koya wa riƙe su biyun tare, kuma bai koye su da sauƙi ba.

An haifi Moody ran 5 ga Fabrairu, 1837, a ƙauyen Northfield cikin jihar Massachusetts. Yana da shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, ya bar mahaifiyarsa da bashi da yara ƙanana. Saboda talauci Moody bai yi nisa a makaranta ba. Da ya kai shekara 17 ya tafi birnin Boston, ya kama aiki a kantin takalma na kawunsa, bisa sharaɗin zai riƙa zuwa sujada. A shekara ta 1855 malaminsa na makarantar Lahadi, Edward Kimball, ya bi shi har cikin kantin, ya yi masa maganar ƙaunar Almasihu, nan ya ba da gaskiya. Amma da ya nemi zama ɗan ekklisiya, dattawa suka ga saninsa na Littafi Mai Tsarki ya yi kaɗan, suka ce ya jira. Sai a shekara ta 1856 aka karɓe shi.

A wannan shekara ya koma birnin Shikago. Kasuwa ta karɓe shi, amma zuciyarsa tana wajen yaran talakawa masu yawo a titi. Ya tattara su ya buɗe makarantar Lahadi, ta yi girma har Abraham Lincoln ya ziyarce ta a 1860. Moody ya bar sayar da takalma ya ba da kansa ga aikin Ubangiji. Ya auri Emma Revell a 1862, aka kuma buɗe majami'arsa a 1864.

Wa'azinsa na waɗannan shekaru mai zafi ne ƙwarai. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa yakan nuna wa mutane Allah kamar mai bin bayan mai zunubi da takobi a zare. Mutane sukan ji tsoro, amma tsoro kaɗai ba ya sa ɗan da ya gudu ya yi marmarin komawa gida.

A 1867 Moody ya ziyarci Birtaniya, inda ya sadu da wani saurayi ɗan Ingila mai suna Henry Moorhouse, wanda ya yi zaman banza kafin ya tuba. Saurayin ya ce yana so ya zo Shikago ya yi wa'azi. Moody ya dube shi, ya ga yaro ne ko gemu babu, bai ɗauki maganar da muhimmanci ba. A 1868 sai ga Moorhouse ya iso. Da yake Moody yana da tafiya, ya bar wa dattawa su ba baƙon dama. Da ya dawo ya tambayi matarsa yadda aka yi, sai ta gaya masa cewa wa'azin yaron ya sha bamban da nasa, gama yana koya wa mutane cewa Allah yana ƙaunar masu zunubi. Moody ya tafi sujada da niyyar kama kuskurensa.

Dare bakwai a jere Moorhouse ya yi wa'azi a kan aya guda, wato Yohanna 3:16. Kowane dare yakan bi Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna, yana nuna yadda Allah yake neman mutum tun faɗuwar Adamu. Moody ya zauna yana ji, hawaye suna zuba. Daga nan wa'azinsa ya sāke. Ya fara nazarin Littafi Mai Tsarki batu batu, ya kuma sa aka rubuta saƙon ƙaunar Allah da fitilun gas a bayan bagadin majami'arsa, domin duk mai shigowa ya gani.

Sauran darasi na biyu. Ran Lahadi da dare, 8 ga Oktoba, 1871, Moody ya yi wa babban taro wa'azi a zauren Farwell a kan Matta 27:22, inda Bilatus ya tambayi jama'a abin da zai yi da Yesu. A ƙarshe ya ce wa mutane su je gida su yi tunani mako guda, su dawo Lahadi mai zuwa da amsa. Ana cikin waƙar rufewa aka fara jin ƙararrawar gobara. Wutar ta ci birnin har zuwa ranar Talata. Mutane wajen 300 suka mutu, wajen 100,000 suka rasa gidajensu. Zauren, da majami'ar Moody, da gidansa duk suka ƙone. Wannan taro bai sāke haɗuwa ba har abada. Moody ya yi ta baƙin cikin wannan mako da ya bayar har ƙarshen ransa, bai kuma ƙara sallamar taro ba sai ya roƙe su su yanke shawara a ranar.

Mu lura da kyau. Gobarar ba ta mai da shi ga tsohon wa'azinsa na tsoratarwa ba, ƙaunar da ya koya kuma ba ta sa ya ɓoye maganar hukunci ba. Ya gane cewa wanda ya ga gidan maƙwabcinsa yana cin wuta ya yi shiru don kada ya tashe shi daga barci, ba masoyinsa ba ne. An ruwaito cewa R. W. Dale, wani babban fasto na birnin Birmingham, ya shaida cewa Moody ya cancanci yin wa'azi a kan hallakar masu zunubi, domin ba ya taɓa maganar sai da hawaye a muryarsa.

Daga 1873 zuwa 1875 Moody da abokinsa mawaƙi Ira Sankey suka zaga Birtaniya suna wa'azi, dubban mutane suna taruwa. Waƙoƙin da Sankey ya tattara sun bazu ko'ina, har da yawa daga cikinsu an juya su zuwa Hausa, muna rera su a majami'unmu. Mutumin da bai sami ilimi sosai ba ya buɗe makarantar 'yan mata a Northfield a 1879, da ta samari a Mount Hermon a 1881. A 1886 ya kafa aikin da ya zama makarantar Littafi Mai Tsarki ta Shikago, wadda aka sa wa sunansa bayan rasuwarsa. Ciwo ya kama shi yana cikin taron bishara a Kansas City, aka kai shi gida Northfield, ya rasu ran 22 ga Disamba, 1899, yana da shekara 62.

'Yan'uwa ɗalibai, a cikinku akwai fastoci da malaman makarantar Lahadi na gobe, wasunku ma sun riga sun fara wa'azi a taron safe. In za ka yi maganar hukunci, ka fara tambayar kanka ko kana ƙaunar waɗanda suke zaune a gabanka. In za ka yi maganar ƙauna, kada ka bar mai ji ya ɗauka yana da gobe a hannunsa. A kan gicciye ne adalcin Allah da ƙaunarsa suka haɗu, can kuma ya kamata kowane wa'azi ya kai mutane. Ubangiji ya taimake mu. Amin.