Colin Archer: Maƙerin jirgin da ƙanƙarar teku ta kasa murƙushewa

A duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido kan tashi daga garin Ushuaia na ƙasar Ajantina su nufi Antatika, yankin ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. Ɗaya daga cikinsu, wanda kamfanin Hurtigruten na ƙasar Norwe ya sa aka ƙera a shekarar 2007, sunansa Fram. Sunan na gado ne. Asalin mai shi wani jirgin katako ne da aka tura ruwa a 1892, aikin hannun wani dattijo mai suna Colin Archer, wanda bai taɓa bin jirgin nasa zuwa cikin ƙanƙara ba.

An haifi Archer ranar 22 ga Yulin 1832 a Larvik, wani garin bakin teku da ke kudancin Norwe. Iyayensa 'yan Sukotilan ne da suka yi ƙaura zuwa can a 1825, kuma shi ne na goma sha biyu cikin 'ya'ya goma sha uku. Yana saurayi ya bi sahun yayyensa zuwa Ostiraliya, inda suka kafa gandun kiwon tumaki a yankin Queensland. Ya koma gida a 1861 da abin hannunsa, ya yi aure a 1869, ya kuma ɗauki ƙera jiragen ruwa a matsayin sana'a. Bai halarci wata babbar makarantar koyon fannin ba. Littattafan magabata ya duƙufa a kai, sauran kuwa teku ce ta koya masa.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne kwalekwalen jagororin jiragen ruwa. A wancan zamani, in babban jirgi ya doso gaɓar Norwe mai yawan duwatsu, jagorori kan yi rige-rigen tarbarsa, domin wanda ya riga isa shi ke samun aikin shigo da shi tasha. Neman abinci kan sa su fita ko da teku ta fusata, kuma da yawansu ba sa dawowa. Archer ya ƙera musu jirage masu faɗi da rufi, masu tsini gaba da baya, da nauyin ƙarfe a can ƙasa yadda igiyar ruwa ba za ta kifar da su da sauƙi ba. A kan wannan tsari ne ya ƙera wa ƙungiyar ceton rayuka a teku ta Norwe jirginta na farko a 1893, aka kuma raɗa wa jirgin sunansa.

Sai ga Fridtjof Nansen da wata shawara da manyan masu binciken ƙasashen ƙanƙara da dama suka ɗauka ganganci ne. A 1881 ƙanƙara ta murƙushe wani jirgin Amurka mai suna Jeannette a arewacin Saberiya. Bayan shekara uku aka tsinci tarkacensa a gaɓar Girinlan, can ɗaya ɓarin na duniya. Nansen ya fahimci cewa ƙanƙarar da ta rufe Tekun Aktik ba a tsaye take ba, tafiya take a hankali. Don haka ya ce zai shigar da jirgi cikinta da gangan, ya bari ta daskare da shi, ta yi ta jansa har ta ratsa da shi kusa da ƙuryar arewa ta duniya. Majalisar dokokin Norwe ta ba da kuɗi. Saura jirgin da zai jure abin da ya hallaka na baya.

A nan ne basirar Archer ta bayyana. Jirgin da aka saba ƙerawa yana da ɓarayi biyu a miƙe, shi ya sa in ƙanƙara ta matso daga dama da hagu takan sami wurin kamawa, ta matse shi har haƙarƙarinsa ya karye. Archer ya san babu katakon da zai yi kokawa da irin wannan ƙarfi ya yi nasara, sai ya hana ƙanƙarar abin riƙewa. Ya yi wa jirgin gindi kamar na ƙwarya, sumul, ba kusurwa, ya kuma nutsar da ƙashin bayansa cikin gangar jiki. In ƙanƙara ta matsa, sai ta zame ta shige ƙarƙashi, jirgin ya ɗago sama, kamar yadda jiƙaƙƙen ƙwallon tsamiya kan kuɓuce daga tsakanin yatsu biyu.

Tsawon Fram mita 39 ne kacal, faɗinsa mita 11, wato gajere ne mai tumbi. An yi haƙarƙarinsa da itacen ok da ya shekara kusan talatin yana bushewa a ma'ajiyar sojan ruwa ta Horten. An lulluɓe shi da katako hawa uku, na waje wani itace ne mai taurin gaske daga Kudancin Amurka, har kaurin bangon ya haura santimita 60. Daga ciki aka tokare shi da ginshiƙai ta ko'ina. Farfela da allon juya akalar jirgin kuwa, waɗanda ƙanƙara ke fara karyawa, an yi musu rijiya ta yadda za a janye su sama. Ɗakunan kwana an yi musu shimfiɗar gashin barewar ƙasashen sanyi da ɓawon itace a cikin bango, aka kuma kafa injin iska mai ba da wutar fitilu, saboda a can rana kan ɓace na tsawon watanni.

Matar Nansen, Eva, ita ta raɗa masa suna ranar 26 ga Oktoban 1892. Ma'anar Fram ita ce gaba. Ya bar Norwe a tsakiyar 1893 da mutum 13, Otto Sverdrup na kyaftin, kuma a watan Satumba ƙanƙara ta kama shi. Jarrabawa mafi tsanani ta zo a Janairun 1895, lokacin da tudun ƙanƙara ya taso ya danno gefen jirgin, har ma'aikata suka kwashe guzuri zuwa waje don shirin ko-ta-kwana. Jirgin ya ɗago kamar yadda aka tsara. A watan Agustan 1896 ya fito kusa da tsibirin Spitsbergen bayan kusan shekara uku, ba a rasa ran kowa ba.

Sai dai dabarar tana da farashi. Gindin ƙwarya da ya cece shi a ƙanƙara shi ya sa yake tangaɗi a buɗaɗɗiyar teku, mutanen ciki su yi ta fama da jiri da amai. Sverdrup ya sake fita da shi zuwa arewacin Kanada daga 1898 zuwa 1902, bayan Archer ya ƙara masa bene. Roald Amundsen kuma ya kai shi Antatika a tafiyar da ya zama na farko da ya taka ƙuryar kudu ta duniya a Disambar 1911, kuma mutanensa sun ɗanɗana wannan tangaɗi watanni a jere.

Abin da ya faru da wani jirgin ya isa a gane darajar zaɓin Archer. A 1912 aka ƙera Polaris a Sandefjord, maƙwabciyar Larvik, da nufin ɗaukar attajirai yawon farauta a Aktik. Jirgi ne ƙaƙƙarfa, amma ba a yi masa gindin ƙwarya ba, domin ba a nufe shi da zama cikin matsin ƙanƙara ba. Cinikin yawon bai yiwu ba, sai Ernest Shackleton ya saye shi ya sauya masa suna zuwa Endurance. Ƙanƙarar Tekun Weddell ta murƙushe shi a 1915, ba a kuma gano gawarsa a ƙarƙashin teku ba sai a Maris ɗin 2022.

Masu ƙera jiragen yawon buɗe ido na yau suna tsakanin waɗannan buƙatu biyu. Fasinjan da ya biya maƙudan kuɗi ba zai yarda da tangaɗin Fram ba, don haka sukan ƙarfafa gangar jirgin da ƙarfe mai jure sanyi, su raba cikinsa gida-gida don kada ruwa ya mamaye shi, sa'an nan su kauce wa ƙanƙara mai kauri. Ko da haka ba a tsira ɗungurungum ba: Explorer, wanda aka ƙera a 1969, ya nutse a 2007 bayan ƙanƙara ta huda shi, ko da yake an ceto duka mutum 154 da ke ciki. Tun daga Janairun 2017 akwai dokar ƙasa da ƙasa da ta gindaya sharuɗɗan ƙera jiragen da ke shiga waɗannan tekuna.

Archer ya ajiye aiki a 1909, bayan ya ƙera jirage sama da 200. Ya rasu a Larvik ranar 8 ga Fabrairun 1921 yana da shekara 88. Fram kuwa ya yi shekaru a yashe yana ruɓewa, har Sverdrup ya jagoranci fafutukar ceto shi. Tun 1936 yake ajiye a wani gidan tarihi da aka gina a kansa a unguwar Bygdøy ta birnin Oslo, inda baƙi ke hawa su shiga ɗakunansa.