BAWA JAN GWARZO, SARKIN GOBIR

Mun karanta a tarihin Ingila cewa sarakunansu na da suna da laƙabi. Akwai Etelred, wanda ya hau sarauta a 978. Ma'anar sunansa shawarar kirki, amma bayan ya mutu mutane suka juya sunan, suka kira shi maras shawara, don ya kasa tsare ƙasarsa daga mutanen Danmak. Mu ma da muka fito daga wajen Tozai da Isa da Sabon Birni muna da sarkin da laƙabinsa ya bi duniya, shi ne Bawa Jan Gwarzo.

Bawa ɗan Babari ne, wanda ya ci Zamfara, ya kafa Alkalawa a bakin Gulbin Rima. Ya gaji ɗan'uwansa Ɗan Gudi cikin shekarun 1770. Gwarzo shi ne namijin da ba ya gajiya, ba ya juya baya. Ja kuwa ƙarfafa magana ne, kamar yadda mukan ce jan aiki. Yaƙi ne ya ba shi wannan suna, gama yawancin zamaninsa fama ya yi ta yi da Katsinawa da Zamfarawa.

Amma wajen 1788, ran Sallar Layya, ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiya ba, sai ya roƙi abu 5: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙe wa talakawa haraji. Sarki ya yarda da su duka.

Ba a daɗe ba Katsinawa suka kashe ɗansa a yaƙin Ɗankaishi, an ce baƙin cikin wannan ne ya zama ajalinsa. Yakuba ya gaje shi, sa'an nan Nafata, wanda ya ƙuntata wa jama'ar Shehu, sa'an nan Yunfa. A 1808 Alkalawa ta faɗi.

To, 'yan'uwa, laƙabi ya riƙe mana ƙarfin Bawa, ya bar haƙurinsa. Idan mun tsaya gaban yara, kada mu tsaya ga Jan Gwarzo kaɗai, mu gaya musu labarin Magami, inda mai takobi ya saurari malami.