Uƙilidis, malamin lissafi

Uƙilidis ya zauna a birnin Iskandariya, ƙasar Masar, wajen shekara 300 kamin haihuwar Annabi Isa. Can ya koyar da lissafi, ya kuma rubuta littafi mai kashi 13.

A kashi na farko ya nuna cewa ba kowane kara uku ke yin siffa mai kusurwa uku ba. Dole gajerun biyu, in an haɗa tsawonsu, su fi dogon. Ku gwada da karan hatsi: santimetir 3, 4 da 5 za su haɗu; 2, 3 da 6 sai su bar giɓi.

Wasu masana sun yi wa dokar dariya, wai ko jaki ya san ta: in ya hangi ciyawa ba ya zagaye, miƙewa yake yi.