Leonhard Euler: makahon da ya gano sirrin lamba 2,147,483,647

Ka taɓa jin cewa waƙa ɗaya ta kusa rikita YouTube? A 2014, yawan kallon bidiyon Gangnam Style ya kai iyakar da ma'aunin shafin ke iya ƙirgawa a da, wato 2,147,483,647, har sai da aka faɗaɗa shi. Wannan ita ce lamba mafi girma da manhajoji da yawa na tsohon tsari ke iya riƙewa. To, shekara 242 kafin nan, wani dattijo da ba ya gani ya riga ya san halinta ciki da bai.

Sunansa Leonhard Euler, ana furta shi Oila. An haife shi a Basel ta ƙasar Suwizalan a 1707. Mahaifinsa limamin coci ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma malaminsa Johann Bernoulli ya lallashi uban ya bar yaron ya bi lissafi. Yana ɗan shekara 20 ya tafi aiki Rasha.

A 1732 ya fara nuna ko shi wane ne. Fermat, babban masanin Faransa, ya yi zaton 4,294,967,297 ba ta rabuwa da komai sai da ɗaya da ita kanta. Shi kuwa Euler, yana ɗan shekara 25, ya nuna ai 641 sau 6,700,417 ce. Ɗauko wayarka ka gwada, za ka gani.

Daga nan jarrabawa ta fara. Kafin ya kai 35 idonsa na dama ya daina gani. Bayan ya koma Rasha daga Berlin a 1766, na hagun ma ya bi. A 1771 gobara ta cinye gidansa. Cikin 'ya'yansa 13, biyar ne kaɗai suka girma.

Duk da haka, a 1772 ya tabbatar cewa 2,147,483,647, wadda ake samu idan an ninka 2 har sau 31 aka cire 1, ba ta rabuwa. Bai tsaya gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya fara gano cewa duk wadda za ta raba ta, idan aka raba ta da 248 sai ta bar ragowar 1 ko 63. Haka ya tankaɗe dubban lambobi, ya gwada kaɗan da suka rage. Babu kwamfuta, babu ido, sai ƙwaƙwalwa da masu rubuta masa abin da yake faɗa.

Ya rasu a 1783, ya bar rubuce-rubuce sama da 800, kusan rabinsu bayan ya makance.

Don haka idan ka ji kana cewa lissafi ba naka ba ne saboda ka faɗi jarrabawa sau ɗaya, ka tuna da shi. Kai da ke da ido biyu da waya a hannu, me ya rage?